Abin da Na Ji a Bayan Labule

Sannunku da jira, 'yan uwa. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa labarina yana tafiyar hawainiya. Gaskiyarta, da yatsa ɗaya nake latsa wayar nan, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin da ya same ni a makon nan ya ƙi zama a ciki, sai na juye muku shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa, irin wanda likita ɗaya ke duba gida guda tun daga jariri har kaka. Ɗakin jira ne, sai ɗakin Likita, sai ɗakin allura inda Sista take. Shara da goge-goge aka ɗauke ni yi. Bara masu duba asibitoci suka zo, suka leƙa ko'ina har ƙarƙashin gado, suka bar mana sharuɗɗa. A riƙa sauya farar takardar kan gado bayan kowane marar lafiya. Allurar da aka yi amfani da ita ta faɗa cikin akwatinta mai ruwan ɗorawa, ba kwandon shara ba. A kunna rediyo a ɗakin jira don kada na waje ya ji maganar na ciki. A cire gilashin tagar Likita a sa wanda ba a ganin mutum ta cikinsa. Sai na ƙarshen, wanda ya sauya mini aiki: duk lokacin da Likita zai duba jikin mace, dole wata mace ta tsaya a ɗakin, don mutuncin marar lafiyar, don kuma mutuncin shi kansa.

Sista ba za ta rabu biyu ba, ga allura ga tsayuwa. Sai ta nuna ni da baki.

"Likita, ga bango nan ka sa. Tun da yarinyar nan ta zo ban san kalar haƙoranta ba."

Daga ranar sunana ya koma Bango.

Likita dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Shi ya koya mini aikin: in fara tambayar mace ko ta yarda in tsaya, in tsaya ta wajen kanta inda za ta ga fuskata, in riƙe mata zanen rufa, in ja labule har ƙarshe. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan na marar lafiya ne. Ba nawa ba ne, ba naki ba ne. Ko mijinta ya tambaye ki, ko ɗanta, ko mahaifiyarki, ba ki da abin ba su. Ba a kyauta da kayan wani."

Na gyaɗa kai. A lokacin gani nake babu aikin da ya kai wannan sauƙi. Ni da ko gaisuwa sai na yi ta gwadawa a zuci kafin ta fito, wa zai ce in yi shiru ya wahalar da ni?

Sauya gilashin tagar nan shi ya kawo mini Mai Gilashi. Aikin wuni ɗaya ne, ya yi ta jan sa har Sista ta ce ko bene mai hawa goma ne ya isa a gama. Da ya gama ɗin ma sai ya dawo da ɗan yanka a yatsa, wanda ko sauro ba zai tsaya a kansa ba, wai a sa masa filasta. Dogo ne, baƙi, kullum da fensir a bayan kunne. Shi ya yi ta surutu ni ina kallon takalmina, har magana ta kai gida. Asabar mai zuwa manyansa za su zo wurin namu. Inna, mahaifiyata, har ta sa an wanke labulen falo, ta aro kujeru a maƙwabta.

To, ranar Talata ina durƙushe ina goge ƙasan kujerun jira, cikin yunifom ɗina ruwan toka da takalmin roba, hannuna na warin sabulun kashe ƙwayoyin cuta, sai na ji ƙarar babur ɗin da na sani. Na ɗaga kai. Shi ne, yana riƙe da jakar mahaifiyarsa.

Wayyo, da ƙasa za ta tsage da na shige. Sau ɗaya na taɓa ganin Mama, shi ma daga nesa. Farar mace ce siririya, ta sa doguwar riga kore mai duhu da babban mayafi fari, awarwaro biyu a hannun hagu. Na gaishe ta a durƙushe, muryata ko ni ban ji ta ba. Ta ce, "Sannu 'yata, sannu da aiki." Shi kuwa ya tsaya a bayanta yana ɗaga mini gira yana murmushi, kamar ba asibiti ya kawo uwarsa ba.

Na gudu bayan gida na wanke hannu, na tsaya ina addu'ar Allah ya sa awon jini kawai za a yi mata. Sai muryar Sista.

"Bango! Ana nemanki a ciki."

Da na shiga na rufe ƙofa, na matsa kusa da Likita na ce masa a hankali na san ta. Dokarmu ce, in ka san marar lafiya sai ka faɗa, a ba shi zaɓi. Likita ya juya gare ta.

"Hajiya, yarinyar nan ta ce kun san juna. In kin fi so, sai a kira Sista ta tsaya."

Mama ta taɓe baki. "Waccan? Daga ƙofa zuwa kujera ta tambaye ni jikokina nawa da inda na sayi mayafi. Bar mini wannan."

Na sauya takardar gado, na ja labule, na tsaya ta wajen kanta.

Na san yanzu kun gyara zama kuna jiran in faɗi abin da aka gani. Ku yi haƙuri, ku ma ba zan gaya muku ba. Iyakar abin da zan faɗa, don labarin ba zai tafi ba sai da shi: Mama ta riƙe wuyan hannuna har awarwaronta ya yi mini shaida. Likita ya daɗe a wurin famfo yana wanke hannu, fiye da yadda ya saba. Ya yi mata bayani a hankali, ya maimaita, sannan ya ce ta dawo ranar Alhamis da safe, kuma kada ta bari ranar ta wuce.

Da ya fita daga labulen don ta gyara jikinta, ina miƙa mata mayafi sai ta riƙe shi ta riƙe hannuna tare.

"'Yata, yaron nan kada ya ji."

Na sunkuyar da kai.

"A hannunsa ubansa ya cika. Ya rufe shago ya zauna jinya har ya koma kamar sanda, na ɗauka zan rasa su su biyun. Yanzu ya fara dariya, ga aure a gabansa. A bari a sha biki, ni da bakina zan gaya masa. Kin ji?"

Na ce, "Mama, ba na faɗin abin da aka yi a nan. Ko ba ki roƙe ni ba."

"Allah ya yi miki albarka."

Ina kallo ta fita ɗakin jira tana gyara mayafi, ta ce masa, "Gajiya ce kawai, an ce in huta. Ka tayar mini da hankali a banza." Ya saki ajiyar zuciya, ya ɗaga mini hannu, suka tafi. Na koma na cire takardar gadon na murƙushe ta. Biki sai bayan watanni. Alhamis kuwa jibi ce.

Da yamma ina ɗakinmu ina ninke wanki, waya ta yi ƙara. Mai Gilashi ne. Ya san karatu na yi mini nauyi, don haka saƙon murya yake turo mini.

"Likitata, ranki ya daɗe. Yau na ga yadda ake aiki. Yunifom ɗin nan ya yi miki kyau, ko a ɗaura da shi ne? To ya, me babban Likita ya ce game da tsohuwata?"

Na rubuta masa: "Ka tambayi Mama."

"Na tambaye ta, ta ce gajiya. Ke nake tambaya, ai kina ciki."

"Ba a faɗa."

Ya turo hoton fuska mai dariya, sai kuma muryarsa. "Ni ne fa. Ba mai shago na kan kwana ba."

Na kife wayar a kan filo na ci gaba da ninke zanen da na riga na ninke.

Washegari da la'asar ya zo gida. Ko wanka bai yi ba, rigar aikinsa duk ƙurar siminti, fensir a kunne. Na sa mayafina ruwan hoda na fita da kofin ruwa. Bai karɓa ba, bai kuma zauna a bencin ƙofar gida inda ya saba zama ba.

"Tun jiya Umma ba ta sha shayinta ba," ya ce. "Na same ta zaune a bakin gado da carbi, rediyo a kashe. Matar da ko sanarwar rasuwa ba ta bari ta wuce ta. Gajiya ba ta yin haka."

Na kalli kofin da ke hannuna.

"Ki dube ni mana. Ba cewa na yi ki sato mini magani ba. Uwata ce."

"Na sani."

"To?"

"Maganarta ce. Ita za ta faɗa."

"Wato akwai abin faɗa ke nan."

"Ban ce ba. Ko ciwon kai ne aka duba, haka zan ce maka. Ko wa ya tambaye ni."

"Ko wa." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Yau na zama ko wa. Kin san yadda Baba ya tafi? Shekara guda yana ɓoye ciwo, yana cewa zazzaɓi ne. Abokinsa ya sani, ya riƙe masa amana. Ranar da muka sani, ranar likitoci suka ce mun makara. Har yau in na haɗu da mutumin nan a hanya sauya titi nake." Ya matso, ya rage murya. "Ba na so wata rana in sauya titi saboda ke."

Jama'a, na ji maganar nan har cikin ƙashina. Bakina ya buɗe da kansa. Kalmomin suna nan a kan harshena, 'yan kaɗan ne, numfashi ɗaya ya ishe su. Sai na tuna matan da ke kwanciya a gadon nan suna kallon fuskata. Akwai matar mai gidan burodi, akwai 'yar maƙwabtanmu, akwai wadda mijinta ke tsayawa a bakin ƙofa yana kasa kunne. Kowace tana da wanda zai ce shi ba ko wa ba ne. In na buɗe yau don ina son wannan, gobe da wace fuska zan tambayi mace ko ta yarda in tsaya?

Na ce, "Ka yi haƙuri."

Ya juya baya. Sannan ya hau babur ɗinsa, ko sallama babu.

Ashe Inna tana bayan ƙofa da tsintsiya a hannu, sharar da ba ta taɓa yi da la'asar ba. Ina shiga ta biyo ni har ɗaki.

"Ke 'yar nan, asibitin na ubanki ne?"

"A'a, Inna."

"To me ya yi zafi? Mutum zai aure ki, ya tambaye ki lafiyar uwarsa, kin tsaya kina masa wa'azi. Tsakanin mace da mijinta akwai ɓoye-ɓoye ne?"

"Ai ba a ɗaura ba."

"Da wannan halin naki ba za a ɗaura ba! Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke sai yanzu Allah ya kawo mai haƙurin zama da kurma, za ki kore shi da shirunki. Ni na aro kujerun mutane, in ce musu me?"

Yayana yana tsakar gida yana wanke takalmi, ya ɗaga murya. "Inna, ki ƙyale ta. Wannan ko 'yan sanda suka kama ta sai dai su su ba ta labari."

"Kai kuma rufe mini baki." Ta zauna a bakin katifata, ta sassauta murya, ta dafa gwiwata. "To shi ke nan, kada ki gaya masa. Ni gaya mini. Ni na haife ki, cikina kika zauna, wane sirri ne ban riƙe miki ba? Ni zan san yadda zan sanar da shi cikin hikima."

Na girgiza kai.

"To kada ki yi magana. Zan riƙa faɗa, in na dace ki ɗaga gira kawai. Suga ne?"

Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya.

"Hawan jini? Zuciya? Ke, buɗe fuskar nan in gani!"

Yaya yana ta dariya har da buga bokiti. Ni kuwa a ƙarƙashin mayafin hawaye ne ke bin kuncina, na matse girata da hannu biyu don kada ta motsa da kanta. Inna ta tashi tana cewa ta haifi dutse, in auren ya lalace kada in zo mata da kuka.

Alhamis na riga kowa zuwa asibiti. Na share, na goge, na cika robar sabulun wanke hannu, na shimfiɗa sabuwar takarda a gado, na kunna rediyo. Duk babur ɗin da ya wuce sai na leƙa. Masu jira suka zo suka tafi. Rana ta take. Mama ba ta zo ba.

A asibitinmu in Likita ya ce wa mutum lallai ya dawo bai dawo ba, ba a barin sa haka nan, sai an neme shi. Sista ta ɗauki waya za ta kira, Likita ya ɗaga mata hannu.

"Lambar ɗanta ta bayar, ita ba ta riƙe waya. In muka kira shi muka ce muna nemanta da gaggawa, mun gaya masa rabin magana, ita kuma ta ce ba ta so."

"To sai mu zuba ido?" in ji Sista.

Ban san lokacin da na ce, "Zan je" ba.

Duka suka juyo. Sista ta riƙe haɓa. "Ikon Allah, bango ya tsage."

"Na san gidan," na ce. "Da rana yana shago."

Likita ya juya biro a hannunsa. "In za ki je, a 'yar aiken asibiti za ki je. Ki ce ina nemanta, kuma jinkirin ba alheri ba ne gare ta. Ki ce in tana so, ni zan taya ta yi wa ɗanta bayani, a nan, a gabanta. In akwai wani a ɗakin, ki gaishe ta ki dawo. Za ki iya?"

Na ce, "Zan iya."

Na cire yunifom don kada maƙwabta su gani su fara lissafi. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan furanni, wadda nake ajiyewa a jaka saboda komawa gida, na yafa baƙin mayafi, na goge takalmina da tsumma. A mota ina ta maimaita abin da zan faɗa, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko waya nake yi.

Gidan ƙarami ne, tsaf da shi. Kowace taga da gilashi mai ado, ragowar aikin da yake kawowa, wani kore wani ruwan zuma, hasken ya zubo ƙasa kala-kala. Na yi sallama. Mama tana ɗakinta tana guga a kan tebur, rigunansa jere a bayan kujera. Da ta gan ni ta ajiye dutsen gugar a tsaye.

"Lafiya?"

Na cire takalmi, na durƙusa daga bakin ƙofa, na gaishe ta. Na tambaya ko ita kaɗai ce. Ta ce ita kaɗai. Sai na faɗi saƙon Likita yadda ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba, idona a kan ledar ɗakin.

Ta ɗauki dutsen ta ci gaba da guga. "Na ji. Ki ce masa bayan biki."

Aikena ya ƙare a nan. Ya kamata in tashi. Na kasa.

"Mama."

"Na'am."

"Ba zai kai bayan biki ba. Jiran, nake nufi. Kin ji abin da ya ce."

"Da kunnena."

"In kika zo, ni zan tsaya miki. In kuma ba kya so in tsaya, Sista za ta tsaya, zan roƙe ta ta yi shiru. Ki zo kawai."

Ta kafe ni da ido. "Tun ba ki shigo gidan ba kin fara ba ni umarni?"

"A'a, Mama. Roƙo nake."

"In na fara zirga-zirgar asibiti, kina ganin ba zai gane ba? Zai rufe shagon nan, zai ce a ɗaga aure, ya zauna yana kallona kamar yadda ya kalli ubansa. Ke ce za ki fi kowa asara, yarinya. Don ke nake yi, ba ki gani?"

"Ni dai ba na son bikin da za a yi da ranki," na ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni kaina na tsorata da ita.

Dutsen gugar ya daɗe a wuri ɗaya har na ji ƙaurin yadi. Ta ɗaga shi da sauri. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ƙarar babur a ƙofar gida.

Babu ƙofar baya, babu inda zan shiga. Muna ji ya yi sallama, yana cewa ya manta abin yankan gilashi a kan taga. Takunsa ya zo ya tsaya. Ya ga takalmina.

Ya ɗaga labulen ƙofa. Ya dube ni a durƙushe, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi rigarsa da ta ƙone.

"Me ya kawo ki?"

Kafin in nemo numfashi Mama ta yi dariya, dariya mai kyau kamar ba komai.

"Gaishe ni ta zo yi, laifi ne? Yauwa, gara da ka zo. Kwana biyu ka hana ni sakat da tambaya. Ga ta nan, ita ta tsaya a kaina, komai a kunnenta aka yi. 'Yata, gaya masa ya huta. Ba cewa Likita ya yi gajiya ce ba?"

Suka zuba mini ido su biyu.

'Yan uwa, ban taɓa shiga matsi irin wannan ba. Idon Mama yana roƙona. Idonsa yana roƙona. In na ce e, ya huta, Asabar manyansa su zo, Inna ta yi guɗa, Mama kuma ta zauna a gida ciwo yana cin ta da taimakona. In na faɗi abin da na ji, na ɗauki kayan da ba nawa ba na bayar. An koya mini yin shiru. Ba a taɓa koya mini abin da zan yi in marar lafiyar da kanta ta ce in yi mata ƙarya ba.

Na dafa ƙasa da hannu biyu.

"Mama, ki gafarce ni." Na ɗaga kai na dube ta. "Abin da aka faɗa a ɗakin can ba zan faɗa ba. Ba shi ba, ba kowa ba. Amma ba zan iya cewa e ba."

Ina jin ƙarar dutsen guga yana hucewa.

"Umma?" ya ce, a hankali, kamar ƙaramin yaro.

Mama ba ta dube shi ba. Ni take kallo, kuma kallon ba na 'yata ba ne.

"Tashi ki bar mini ɗaki."

Na tashi. Ya matsa ya ba ni hanya ba tare da ya kalle ni ba. Na sa takalmina a karkace, dama a hagu, ban tsaya gyarawa ba sai da na kai titi. Ban ji abin da suka ce a bayana ba, ban kuma tsaya don in ji ba.

Na koma asibiti kafin a tashi, na gaya wa Likita duk yadda aka yi, har da maganar da na ƙara a kan saƙonsa. Na ce in na karya doka ne ya gaya mini. Ya shafa gemu. Ya ce bai aike ni in yi gardama da ita ba, kuma wannan za mu zauna a kansa. Amma ƙarya, in ji shi, ba ta cikin aikin da ya ba ni, ko wa ya nema. Ban san ko yabo ne ko faɗa ba. Na ɗauki jakata na tafi gida.

Na tarar da Inna tana goge kujerun aro ɗaya bayan ɗaya, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na shiga ɗaki na zauna da mayafina a jiki, wayar a cinyata.

Gab da magariba ta yi ƙara. Ba saƙon murya ba ne. Rubutu ne, shi da bai taɓa yi mini rubutu ba. Na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi.

"Na ce wa su Kawu su dakata da zuwa ranar Asabar."

Na karanta shi sau biyu ko na yi kuskure. Ban yi ba. Daga tsakar gida Inna tana kira, wai in zo in taya ta ɗaga babbar kujerar. Na miƙe ke nan wayar ta sake ƙara.

"Ƙarfe nawa kuke buɗe asibiti?"

Babu Likitata, babu ranki ya daɗe. Na goge idona da bakin mayafi don in ga haruffan sosai, na rubuta masa da yatsana ɗaya:

"Takwas. Ku zo da wuri, kada ta ci komai."

Sannan na ajiye wayar, na fita in gaya wa Inna a mayar wa mutane kujerunsu.